Idan Samu Ya Ragu: Yadda Musulmi Zai Nemi Sassauci Kan Bashin Gida

Duk wanda ya bi titin Dutsinma daga birnin Katsina zuwa Batagarawa zai ga sababbin unguwanni sun tashi a kewayen Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da sauran manyan makarantu. Wasu daga cikin gidajen nan da bashi aka gina su, ko dai na banki, ko na ƙungiyar adashen ma'aikata, ko na Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin abinci da na sufuri suka cinye abin da ake warewa don biyan wata-wata. Wani kuma ritaya ce ta zo, ko kasuwa ta karye. Me ya kamata mu yi kafin gidan ya suɓuce?

Abu na farko, neman sassauci ba abin kunya ba ne. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umarci mai bin bashi ya jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, ta kuma nuna cewa yafewa ta fi alheri. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Ka'abu bin Malik ya matsa wa Ibnu Abi Hadrad kan bashi a masallaci, sai Manzon Allah (SAW) ya yi masa nuni da ya yafe rabi, sannan ya umarci wanda ake bi ya tashi ya biya sauran. Amma wannan rangwame na mai ƙunci ne na gaskiya, domin jan ƙafar mai hali zalunci ne, kamar yadda hadisi ya tabbatar.

Inda da yawa daga cikinmu ke zamewa shi ne sharaɗin sassaucin. Sau da yawa akan tsawaita wa'adi, a rage na wata, amma jimillar bashin ta ƙaru. Wannan ita ce ainihin ribar jahiliyya: ko a biya yau, ko a ƙara. A zamanta na Jidda a 1990, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke cewa ba ya halatta a ɗora wa mai biya kashi-kashi wani ƙari saboda jinkiri. A 1992 kuma ta halatta rage bashi don a gaggauta biya, muddin tsakanin mai bi da wanda ake bi ne.

Saboda haka mu fara duba irin yarjejeniyar da muka sa wa hannu. Idan murabaha ce, irin wadda bankunan Musulunci ke yi tun da Jaiz ya fara aiki a 2012, farashi ya riga ya zama bashi tabbatacce. Ana iya ƙara lokaci, ba a ƙara kuɗi. Idan haya ce mai ƙarewa da mallaka, ana iya sake daidaita kuɗin hayar watannin da ba su zo ba bisa yardar juna. Wanda kuma ya riga ya shiga bashi mai ruwa, sai ya tuba, ya nemi a yafe tarar jinkiri, ya yi ƙoƙarin fita da wuri.

Kada mu jira sai takardar gargaɗi ta iso. Mu je da kanmu, ɗauke da shaidar raguwar samu da lissafin abin da za mu iya biya ba tare da iyali sun kwana da yunwa ba. Duk abin da aka amince a kai a rubuta shi gaban shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta koyar. Mawadatanmu kuma su tuna cewa masu bashi na cikin mutum takwas da Suratut Tauba ta ba haƙƙi a zakka. Allah Ya biya wa duk mai bashi bashinsa, Ya rufa mana asiri.