Mu Tsare Yaranmu Daga Ruwa a Shuwak

Jama'a, mu a Shuwak bakin kogin Atbara muke zaune, kuma da damina yakan cika da ruwan duwatsun Habasha. Amma ba kogi da hafir kaɗai ke cin yara ba. Barmil ko bahon wanki a tsakar gida ya isa ya halaka mai rarrafe cikin 'yan mintoci, ba a ji kukansa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 300,000 ruwa ya ci a 2021, kusan rubu'insu 'yan ƙasa da shekara 5. Don haka mu rufe barmil, mu kifar da baho bayan wanki, kada mu bar wa ƙaramar yarinya tsaron ƙaninta a bakin ruwa. Allah Ya kiyaye mana zuri'a.