Mutum da Zuri'a a Wasannin Kwamfuta na Tarihin Sarauta: Nazari a Kan Crusader Kings

1.0 Gabatarwa

Masana tarihi sun daɗe suna ja-in-ja a kan abin da ya kamata a sa a gaba in za a ba da labarin wata al'umma: ko sarakunanta da gidajensu, ko kuwa ƙasar kanta da talakawanta da hanyoyin neman abincinsu. Wannan muhawara ta shiga wani sabon fage, watau wasannin kwamfuta na dabarun mulki. A irin waɗannan wasanni akan shimfiɗa wa mai wasa taswirar duniya yadda take a wata shekara ta tarihi, a danƙa masa ragamar mulki, ya yi ta yaƙi da sulhu da karɓar haraji har na ɗaruruwan shekaru. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bayyana yadda ɗaya daga cikinsu, mai suna Crusader Kings, ya ɗora tarihi a kan mutum da zuri'arsa, sa'an nan a auna abin da ya kama daidai da abin da ya karkatar. Abin ya shafi malamai, domin ɗalibi kan iya fara jin sunan wani sarki a wasa kafin ya gan shi a littafi, kuma abin da aka fara ji shi ya fi zama a zuciya.

2.0 Asalin Wasan

Kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin shi ya ƙirƙiro wannan wasa. Na farko ya fito a 2004, na biyu a 2012, na uku a 2020. Na biyun ya fara ne daga shekarar 1066 ya tsaya a 1453, shekarar da Daular Usmaniyya ta ci birnin Kustantiniyya. Daga baya aka yi masa ƙari, aka mayar da mafarinsa 867 a 2013, sa'an nan 769 a 2014. Na uku ya zo da mafari biyu, 867 da 1066, aka ƙara 1178 a 2024.

Za a fi gane hikimar wasan in aka kwatanta shi da ɗan'uwansa Europa Universalis na huɗu, wanda kamfanin ya fitar a 2013, mai farawa daga 1444 zuwa 1821. A can, ƙasa ce a hannun mai wasa. Sarki ya mutu, wani ya hau, ƙasa tana nan daram. A Crusader Kings kuwa, mutum guda ne a hannunsa. In wannan mutum ya mutu, sai mai wasa ya koma magajinsa, amma da sharaɗin magajin ya zama ɗan gidan. Ranar da aka rasa magaji daga zuri'ar, wasa ya ƙare, ko da ƙasar tana kan ganiyarta.

3.0 Yadda Ake Gina Mutum

A wasa na uku, kowane mutum yana da ƙwarewa iri biyar da ake aunawa da lamba: iya hulɗa da jama'a, sanin yaƙi, tattalin dukiya, makirci, da ilimi. Ban da waɗannan akwai halaye, galibi guda uku ga baligi, kamar jarunta ko tsoro, kyauta ko rowa, adalci ko son zuciya. Wasu siffofin kuma gadonsu ake yi ta jini, alal misali kaifin basira ko wata naƙasa, shi ya sa zaɓen matar aure ya zama babban al'amari.

Halin nan yana da tasiri a kan abin da mai wasa zai iya yi. In sarki mai tausayi ne aka sa shi ya kashe fursuna, sai damuwa ta taru masa, in ta yi yawa ya faɗa shaye-shaye ko ya ƙaurace wa mutane. Watau an mai da karin maganar nan ta hali zanen dutse doka ta lissafi.

Bugu da ƙari, sarki ba ya mulki shi kaɗai. A asalin wasan sarauta hawa biyar ce, tun daga mai riƙe da ganuwa ɗaya, zuwa mai gunduma, mai lardi, sarki, da sarkin sarakuna. Kowane na ƙasa yana da nasa ra'ayi game da na sama, kuma ra'ayin yana hawa da sauka. Akwai majalisa mai kama da ta waziri, sarkin yaƙi, ma'aji, shugaban masu leƙen asiri da malamin fada. In manyan hakimai suka ji an ci musu fuska, sai su haɗa kai su nemi a rage ikon sarki ko a tuɓe shi.

4.0 Gado da Aure

Babbar matsalar da mai wasa ke fama da ita ita ce ta gado. Yawancin sarakuna suna farawa ne da dokar rabon ƙasa tsakanin 'ya'ya maza, ba a samun damar bar wa ɗan fari kome da kome sai can wajen ƙarshen zamanin. Saboda haka mutum zai shafe shekara arba'in yana haɗa ƙasa, ranar da ya rasu 'ya'yansa uku su yayyaga ta.

Wannan yana da tushe a tarihi. Sarki Sharlaman ya rasu a 814 ya bar ɗa guda na aure, Luwi, don haka daularsa ta wuce a dunƙule. Amma a 843 'ya'yan Luwi uku suka raba ta a yarjejeniyar Bardun. Wanda ya fara wasa a 867 zai tarar da jikokin gidan nan kowa da yankinsa. Akasin wannan shi ne gidan Kafe na Faransa, wanda ya hau mulki a 987, kuma har 1316 kowane sarki ɗansa ne ya gaje shi. Da layin ya yanke a 1328, sarkin Ingila Edwad na uku ya nemi gadon ta wajen mahaifiyarsa, abin da ya zama ɗaya daga cikin musabbaban Yaƙin Shekara Ɗari, daga 1337 zuwa 1453.

Haka kuma ba don banza aka zaɓi 1066 ba. A watan Janairu na shekarar sarkin Ingila ya rasu ba ɗa, mutum uku suka tashi neman gadon: Harold ɗan Godwin, Harald sarkin Norwe, da Wiliyam na Normandi, wanda ya yi nasara a Hastings ran 14 ga Oktoba. Wasan ya ba da damar a ɗauki kowane ɗaya daga cikinsu. Darasin da ke ciki shi ne, a wancan zamani sau da yawa akan ta da yaƙi bisa hujjar gado, hujjar kuwa aure ne kan kawo ta. Don haka mai wasa kan aurar da 'yarsa yau domin jikan da zai nemi wata sarauta bayan shekara hamsin.

5.0 Daurama a Cikin Wasan

Daga cikin mutanen da wasa na uku ya gabatar ga mai farawa a 867 akwai Daurama ta Daura, an ba ta al'adar Hausa, an kira addininta Bori. Har an sa wani buri na musamman ga wanda ya ɗauke ta: zuri'arta ta tsara wani addinin gargajiya na Afirka ta yaɗa shi a nahiyar.

Ba shakka wannan ya kai sunan Daura inda littattafan tarihin Hausa ba su kai ba. Sai dai akwai abin lura. Labarin Bayajida da rijiyar Kusugu da haihuwar Bawo labarin baka ne, bai zo da shekara ba. Kwamfuta kuwa ba ta karɓar "a zamanin da". Dole a ba kowa ranar haihuwa. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara a 1908, an lissafa shi ne ta bin shekarun sarautar sarakuna da baya, aka sa hawan Bagauda ɗan Bawo a 999. In Daurama tana kan mulki a 867, to tsakanin kaka da hawan jikanta akwai shekara 132. Ɗalibin da bai san haka ba zai ɗauki shekarar wasa a matsayin tabbas, alhali zaɓi ne na masu tsara shi.

6.0 Inda Wasan Ya Gaza

Na farko, ginshiƙin wasan tsarin Yammacin Turai ne na ubangida da mai riƙe masa ƙasa bisa mubaya'a. Ko a Turai ɗin ma, masana irin su Elizabeth Brown a 1974 da Susan Reynolds a 1994 sun nuna cewa tsarin bai taɓa zama shiryayye kamar yadda littattafai ke zana shi ba. Kamfanin ya yi ƙoƙarin gyara, ya ware tsarin ƙabilu da na dangi, ya kuma ƙara na ma'aikatan daular Rumawa a 2024. Duk da haka tsani ɗaya ne kowa ke hawa.

Sarautar Hausa misali ce mai kyau ta abin da tsanin ba ya ɗauka. A nan masu zaɓen sarki ne ke fitar da ɗaya daga cikin 'ya'yan sarauta, kuma bayin sarki da mata masu sarauta suna da faɗa a ji. M. G. Smith ya nuna a littafinsa na 1960 a kan Zazzau yadda, bayan jihadi, sarauta ta riƙa zagayawa tsakanin gidajen Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Can gasar tsakanin gidaje take, ƙasa kuwa ba a raba ta.

Na biyu, a 2012 aka ƙara wa wasa na biyu damar ɗaukar sarakunan Musulmi, tare da wani ma'auni na lalacewar zuri'a: in mazan gida suka zauna ba aiki, ma'aunin ya hau, har ƙabilu su taso su kawar da gidan. Wannan ya yi kama da abin da Ibn Khaldun ya rubuta a Muƙaddima a 1377, cewa daula tana tsufa kamar mutum, ba ta cika wuce tsara uku ba, kimanin shekara 120. Amma ɗora ma'aunin a kan Musulmi kaɗai ya sa abin ya zama kamar tabo a kansu, kuma ba a dawo da shi a wasa na uku ba.

Na uku, talaka ba shi da fuska. Manomi da maƙeri da ɗan fatake sun zama lambobin haraji da na mayaƙa, sai in sun yi bore a gan su.

7.0 Kammalawa

An ga yadda Crusader Kings ya mai da hali da aure da gado su ne ƙashin bayan tarihi. Amfaninsa ga mai koyo shi ne ya nuna masa cewa abin da ya faru ba dole ne ya faru ba, domin Harold na iya cin yaƙin 1066, zazzaɓi ɗaya kuma na iya yanke gidan sarauta. Illarsa ita ce yana sa wa labarin baka shekara, yana kuma auna kowace al'umma da mudu ɗaya. Malamin da ɗalibinsa ya zo masa da Daurama ta 867 yana da hanyar shiga darasi: ya tambaye shi daga ina shekarar ta fito, sa'an nan su buɗe Tarihin Kano su lissafa tare.