Bikin Addini a Gidan da Babu Imani: Halin Iyalai a Arewacin Turai

A ƙasashen arewacin Turai guda uku, wato Denmak da Nowe da Suwidin, akwai wani hali da ke ɗaure wa baƙo kai, musamman baƙon da ya taso a inda ba a raba ibada da imani. Mutane da yawa waɗanda za su faɗa da bakinsu cewa ba su yarda akwai Allah ba, su ne kuma ke kai jariransu coci a yi musu baftisma, su ɗaura aurensu a gaban fasto, su roƙi a yi wa iyayensu addu'ar jana'iza a can. Wanda ya musanta samuwar Mahalicci shi ake kira mulhidi, aƙidarsa kuma ilhadi, kuma ya bambanta da mai shakka, wanda ke cewa ɗan Adam ba shi da hanyar sanin gaskiyar lamarin, kamar yadda ya bambanta da wanda tambayar ba ta taɓa hana shi barci ba. Duka ukun suna da yawa a waɗannan ƙasashe, suna zaune kan benci ɗaya da masu imani a ranar biki, kuma ba mai iya bambance su ta fuska ko ta sutura.

A Denmak kimanin kashi 70 cikin 100 na jama'a suna da rajista a cocin ƙasa, wanda ke bin ɗarikar Luther, kuma kowane mamba mai samun kuɗin shiga yana biyan harajin coci na kusan kashi 1 cikin 100 ba tare da an tilasta masa zama mamba ba, amma waɗanda ke halartar ibada kowace Lahadi ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Masanin zamantakewa ɗan Amurka Phil Zuckerman ya zauna a birnin Aarhus tsakanin 2005 da 2006, ya yi hira da mutanen Denmak da Suwidin kusan 150, ya kuma wallafa sakamakon a 2008. Abin da ya yi ta cin karo da shi shi ne mutanen da ke kiran kansu Kiristoci alhali ba su yarda da tashin matattu ko allahntakar Yesu ba, idan kuma aka tambaye su abin da kalmar ke nufi a wurinsu sai su ambaci kyautata wa mutane da riƙon al'adar iyaye. Ya kira wannan hali addinin al'ada, ma'ana riƙe bukukuwa da alamomin addini saboda gado da zumunci bayan aƙidar da ta haife su ta fita daga zuciya.

Inda lamarin ya fi fitowa fili shi ne wajen baftisma, wato zuba wa jariri ruwa a ka don shigar da shi cikin jama'ar Kirista, bikin da a idon iyali yake da matsayi irin na ranar suna a ƙasar Hausa. Ana sa wa jaririn doguwar farar riga da ta fi shi tsawo nesa ba kusa ba, wadda sau da yawa ita aka sa wa uwarsa da kakarsa, har wasu gidaje kan ɗinka sunayen duk waɗanda aka yi wa baftisma a cikinta a jikin rigar. A Denmak, mai riƙe da jaririn, uwa ce ko wata daga cikin dangi, takan tsaya a gaban kwanon ruwa, fasto ya tambayi sunan yaron, sannan ya fuskanci jaririn ya tambaye shi ko ya rabu da Shaiɗan da ayyukansa, ko ya gaskata da Allah bisa aƙidar Kirista, ita kuma ta amsa da i a madadinsa kafin a zuba ruwan sau uku. Wannan amsa ta kalma ɗaya ita ce ƙashin bayan bikin gaba ɗaya, kuma a coci da dama wadda ke furta ta ba ta yarda da abin da ta amsa ba, faston ma ya san haka.

Tushen wannan ɗabi'a yana cikin tarihin mulki. A 1736, zamanin Sarki Christian na Shida, lokacin da Denmak da Nowe ke ƙarƙashin sarauta ɗaya, aka wajabta wa kowane matashi bikin tabbatarwa, wanda a can ake kira konfirmashon, inda yaron da aka yi wa baftisma yana jariri ke tsayawa bayan ya balaga ya nuna ya san addininsa. Yara sukan haddace wani littafin tambayoyi da amsoshi 759 da malami Erik Pontoppidan ya rubuta a 1737, fasto ya yi musu jarrabawa a gaban jama'a, wanda kuwa bai wuce wannan mataki ba ba ya iya yin aure ko ba da shaida a kotu. A Nowe sai a 1912 aka ɗage wajabcin. A Suwidin kuwa sai a farkon shekarun 1950 doka ta yarda mutum ya fita daga cocin ƙasa ba tare da ya shiga wata ɗarika ba, kuma har zuwa 1996 jariri kan zama mamba kai tsaye idan ɗaya daga cikin iyayensa mamba ne. Da yake an shafe ƙarnuka coci ne ke rubuta haihuwa da aure da mutuwa, zama ɗan coci ya cuɗe da zama ɗan ƙasa, ta yadda mutum zai iya rasa imaninsa ya ci gaba da jin cewa ginin da aka binne kakanninsa a harabarsa nasa ne.

Dalilan da iyayen ke bayarwa a yau ba su da nisa da juna. Akwai kakar da za ta ji ciwo idan aka bar jikanta ba baftisma, akwai mata ko miji mai imani da ba a son saɓa masa, akwai kuma buƙatar da ɗan Adam ke da ita ta tara dangi idan an haihu ko an rasu, domin cin abinci kawai a falo ba ya ɗaukar nauyin irin wannan rana. Ko a Amurka, inda tarihi ya bambanta, Elaine Howard Ecklund da Kristen Schultz Lee sun wallafa bincike a 2011 kan masana kimiyya na manyan jami'o'i, suka gano cewa kashi 17 cikin 100 na mulhidan da ke da 'ya'ya sun halarci wurin ibada fiye da sau ɗaya a shekarar da ta gabaci binciken, saboda abokin zama, ko neman jama'a, ko kuma son yaran su ga addini da idonsu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan dalilai da ya cancanci raini, domin mutumin da ya danne ra'ayinsa don kada ya karya zuciyar tsohuwarsa ya yi abin da kowace al'umma ke yabawa.

Sai dai zama a cikin taro daban ne da furta shahadar da zuciya ta ƙi. Mulhidin da ya raka gawar mahaifinsa coci ya zauna shiru cikin ladabi bai yaudari kowa ba, amma wanda ya tsaya a gaban jama'a ya amsa cewa ya gaskata, ya kuma ɗauki alkawarin renon yaro a kan addini alhali ya san ba zai yi ba, ya taɓa wani abu da masu imani da marasa imani duk suke girmamawa, wato nauyin magana. Masu kare wannan ɗabi'a kan ce kowa a wurin ya san kalmomin na al'ada ne, don haka ba wanda aka ruɗa. Hujjar tana da rauni, domin tana nufin cewa jama'a sun amince a tsakaninsu su mayar da mafi girman kalmomin addininsu abin da ba a nufi. Yadda abin ya yi zurfi ya bayyana a 2003, lokacin da Thorkild Grosbøll, faston ƙauyen Taarbæk da ke arewa da Kofanhagan, ya bayyana a fili cewa bai yarda da Allah mahalicci ba. Bishop ta dakatar da shi, amma ɗaruruwan mutanen ƙauyen suka taru suka nemi a mayar musu da fastonsu, daga baya kuma aka bar shi ya ci gaba da aiki.

Wasu marasa imani sun ga wannan matsala tun da wuri, suka zaɓi su ƙirƙiri nasu bikin maimakon aron na coci. A 1951 matasa 34 suka yi tabbatarwa marar addini ta farko a babban zauren Jami'ar Oslo, ƙarƙashin jagorancin Kristian Horn, masanin tsirrai wanda a 1956 ya jagoranci kafa ƙungiyar 'yan mutuntaka ta Nowe, wato masu ɗora ɗabi'a a kan hankali da darajar ɗan Adam ba tare da jingina ga wahayi ba. A yau kusan ɗaya cikin biyar na 'yan shekara 15 a ƙasar suna bin wannan hanya, yayin da kimanin rabi ke zuwa coci. Matasan kan yi watanni suna darasi kan haƙƙin ɗan Adam da wariyar launi da yadda ake auna hujja, sannan a ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu waɗanda ke Oslo su shiga zauren majalisar birnin, inda ake ba da kyautar zaman lafiya ta Nobel, 'yan matan da yawa sanye da bunad, tufafin gargajiya mai ado da azurfa da kowane yanki ke da irin nasa. Ana kiɗa, ana jawabi, a kira kowa da sunansa a miƙa masa takardar shaida, daga nan a wuce gida a ci abinci, iyaye da kakanni su tashi ɗaya bayan ɗaya su yi wa yaron magana, a ba shi kuɗi a ambulan. Duk wanda ya halarci walimar ɗan coci da ta ɗan ƙungiyar mutuntaka a rana ɗaya da wuya ya ga bambanci a teburin, kuma wannan kamanni ya nuna cewa abin da iyalai suka ƙi saki shi ne taron da kuma shaidar dangi cewa yaro ya girma. A Jamus ta Gabas ma gwamnatin gurguzu ta yaɗa irin wannan biki daga 1955 don ture na coci, har ya game fiye da kashi 90 cikin 100 na matasa, kuma bai mutu ba bayan haɗewar Jamus a 1990.

Tambaya mafi nauyi ita ce abin da yaron ke gada. Maganar da ta fi yawa a bakin iyayen ita ce ba sa son cusa masa komai, za su bar shi ya zaɓa idan ya girma, kuma mafi yawansu da zuciya ɗaya suke faɗin haka. Doka ma ta ba da wannan dama, domin a Nowe ɗan shekara 15 yana da ikon shiga ko fita daga kowace ƙungiyar addini da kansa, a Jamus kuwa tun yana 14. Amma binciken da David Voas da Alasdair Crockett suka wallafa a 2005 kan Birtaniya ya nuna cewa iyaye biyu marasa addini kusan kullum sukan gadar wa 'ya'yansu rashin addinin, iyaye biyu masu addini kuwa rabin 'ya'yansu kawai ke riƙe shi, idan kuma ɗaya ne mai addini sai rabon ya sake raguwa da rabi. Masanin ɗan Adam Joseph Henrich ya ba da bayani mai gamsarwa a 2009: yaro yakan ɗauki aƙida da gaske idan ya ga manya suna biyan farashinta a aikace, da lokacinsu da dukiyarsu da jin daɗinsu, abin da kuwa aka faɗa da baki kawai ba ya kama shi sosai. Yaron da aka yi wa baftisma cikin rigar kakarsa, amma bai taɓa ganin wani a gidan ya yi addu'a kafin ya kwanta ba, ya riga ya koyi darasi game da matsayin addini, ko da ba wanda ya zaunar da shi ya gaya masa. Saboda haka gidan da ake cewa bai karkata ko'ina ba ya karkata, kuma gaskiya ta fi kyau a nan: iyayen da ba su yi imani ba suna renon 'ya'yansu a kan ra'ayinsu ne, kamar yadda masu imani ke yi.

Iyayen da suka fahimci haka su ne suka kai gwamnatin Nowe ƙara kan darasin Kiristanci da addinai da aka wajabta a makarantu a 1997, kuma a 2007 Kotun Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ba su gaskiya da rinjayen alƙalai 9 a kan 8, aka gyara darasin. Ƙarar tasu ta tsaya ne a kan haƙƙin iyaye na a ilimantar da 'ya'yansu bisa abin da suka yi imani da shi, wanda shi ne haƙƙin da iyaye Musulmi da Kiristoci ke dogara da shi a ko'ina.

Addinin al'ada ya yi kama da abin da zai dawwama, tunda ba ya neman komai a wurin mai shi sai halartar biki, amma alƙaluman Suwidin sun nuna cewa yana zaizayewa daga tsara zuwa tsara. Kakar da ta yi imani ta haifi uwar da ke zuwa biki don kunyar kakar, idan kuma kakar ta rasu jikan ba shi da wanda zai ji wa kunya. A 1970 kusan kashi 80 cikin 100 na 'yan shekara 15 a Suwidin sun yi tabbatarwa a cocin ƙasa, a shekarun baya-bayan nan kuwa kimanin ɗaya cikin biyar ne ke yi, jariran da ake kaiwa baftisma kuma ba su kai rabin waɗanda ake haifa ba.