Yadda Ake Miƙa Wa Fankishin Amsar Mai Amfani Da Kwamfuta

Ana jawo hankalin ɗalibai masu koyon rubuta umarnin kwamfuta, da malamansu, ga wani wuri inda sabon shiga yakan yi tuntuɓe. Za a yi bayanin da harshen Python, wanda Guido van Rossum, mutumin ƙasar Holan, ya fitar a 1991.

Fankishin wani guntun umarni ne da aka ba suna domin ya yi aiki guda. Kamar injin niƙa yake: abin da aka zuba masa shi zai niƙa, ba ruwansa da inda aka samo shi. Alal misali, a ce wajen rabon taki kowane manomi zai sami buhu 2. Ɗalibi ya rubuta fankishin mai suna ninka, ya bar masa gurbi ɗaya, aikinsa kuwa ya ninka abin da aka sa a gurbin sau 2. In aka rubuta ninka(5), zai ba da 10.

To, amma yawan manoma ba ɗalibin ne zai faɗa ba, magatakarda ne zai buga shi ranar rabo. Umarnin da ke karɓar abin da mutum ya buga shi ne input. Magatakarda ya buga 5, aka ajiye a ƙarƙashin sunan amsa, aka rubuta ninka(amsa). Sai kwamfuta ta ce buhu 55.

Dalili shi ne, duk abin da input ya karɓa rubutu yake ɗaukarsa, ko da lamba aka buga. A Python kuwa, ninka rubutu sau 2 yana nufin a maimaita shi, wato 5 da wata 5 a jere. Abin tsoro a nan, kwamfuta ba za ta yi gargaɗi ba, domin a wajenta ba a karya doka ba. In babu mai lura, buhu 45 sun fita daga sito ba bisa ƙa'ida ba.

Maganinsa, a mai da rubutun lamba tun a bakin ƙofa. A rubuta int(amsa), sannan a miƙa sakamakon ga ninka. In lissafin kuɗi ne mai kwabo, kamar 12.50, int ba zai karɓa ba, sai float. Haka nan in magatakarda ya rubuta "biyar" da haruffa, int zai ƙi, aikin ya tsaya. Da umarnin try da except ake tare wannan, a roƙi mutumin ya sake bugawa.

Ya fi kyau kada a sa input a cikin fankishin ɗin kansa. A bar tambaya a waje, lissafi a ciki, domin a iya jarraba lissafin da lambobin da aka riga aka san amsarsu.

Masu karatu da tsofaffin littattafai su yi hattara. A Python 2, input yakan zartar da abin da aka buga kamar umarni, ƙofar da mugu zai iya bi ya yi ɓarna. An canza wannan a Python 3 da ya fito a 2008, aka kuma daina kula da Python 2 a 2020.