HANYAR DA JIRGI YA BAR WA MASU BASUKUR

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya taɓa hawan basukur a kan babban titi ya san yadda gaba kan faɗi in aka ji ƙugin babbar mota a baya. Ko kai ne da gaskiya, dole ka ratse gefe ka sha ƙura. To, a arewa maso gabashin ƙasar Ingila, cikin lardin Yorkshire, akwai wata hanya mai tsawon mil 21 da 'yan kai wadda aka hana mota bi. Ta masu keke ce, da masu tafiya ƙasa, da mahayan dawaki. Ta tashi daga garin Scarborough, ta bi ta saman duwatsun bakin teku da tsakiyar gonaki, har ta dire a garin Whitby.

Ba don masu keke aka yi ta ba. Hanyar jirgin ƙasa ce tun asali, wadda aka buɗe cikin watan Yuli na 1885. Maimakon tsakuwa, tokar kwal aka zuba a ƙarƙashin dogon, shi ya sa har yau mutanen wurin ke kiranta Cinder Track, watau hanyar toka. Shekara 80 jirgi na kai da kawowa a kanta. Sai cikin 1963 shugaban hukumar reluwe ta Birtaniya, Dokta Richard Beeching, ya fito da rahotonsa wanda ya ce a rufe hanyoyin jirgi wajen mil 5,000 da tashoshi fiye da 2,000 saboda ba sa kawo riba. Wannan hanya na cikin waɗanda gatarin ya sara. Jirgin ƙarshe ya bi ta cikin watan Maris na 1965, daga baya kuma aka zo aka kwashe ƙarafan.

Abin da ya biyo baya shi ne ya raba ta da 'yan uwanta. A wurare da dama an yanka filayen tsofaffin hanyoyin jirgi an sayar gunduwa-gunduwa. Wani manomi ya haɗa nasa da gonarsa, wani ya kafa gida a kai, wata gadar kuma aka rushe ta. Hanya kuwa in ta yanke a wuri guda ta tashi daga hanya, ta zama tarin filaye. A nan sai majalisar garin Scarborough ta sayi filin cikin 1975, ta riƙe shi a hannu ɗaya. A ganina, da ba a yi wannan ciniki ba, da yau babu labarin da za mu bayar.

Mai karatu zai so ya san abin da ya sa tsohuwar hanyar jirgi ta fi kowace daɗi ga mai basukur. Dalilin shi ne jirgi ba ya iya hawan tudu mai tsini, don ƙarfe a kan ƙarfe santsi gare shi. Saboda haka masu ginin dogo sukan sare tudu, su cike kwari, su kewaye dutse, har hawan ya zama a hankali. Wurin da ya fi tsanani a wannan hanya shi ne inda kowace tafiyar ƙafa 39 ƙasa ke ɗagawa da ƙafa ɗaya. Ga jirgi wannan azaba ce. In hazon teku ya sauka ya jiƙa ƙarafan, sai ƙafafun jirgi su yi ta juyawa a wuri ɗaya, direba na zuba yashi. Amma tudun da ya gagari jirgi, yaro ɗan makaranta yana hawansa da feda, sai dai ya yi ɗan haki.

In ka taso daga Scarborough, za ka fara ratsa bayan gidaje, sannan ka faɗa karkara ta ƙauyukan Scalby da Burniston da Cloughton. Shanu da tumaki ne ke kiwo dama da hagu, an kange gonaki da katangun duwatsu. Wasu daga cikin tsofaffin tashoshin suna nan, an mai da su gidajen zama, da dakalinsu na jiran jirgi. A Hayburn Wyke mutane kan jingine keke su gangara da ƙafa ta cikin kurmi, su ga inda wani rafi ke zubowa daga kan dutse a daidai bakin teku.

Daga nan sai hawa, sannu sannu, har Ravenscar, wadda ita ce ƙololuwar hanyar, ƙafa 631 bisa teku. A nan ya kamata matafiyi ya sauka ya huta, don wurin na da abin kallo da abin mamaki. Kafin 1897 sunansa Peak. A ƙarshen ƙarni na 19 wani kamfani ya sayi filin da niyyar gina babban garin shaƙatawa wanda zai yi gogayya da Scarborough. Aka shata tituna, aka haƙa magudanan ruwa, aka yanka fuloti, har jirgi na kawo masu saye. Abin da aka manta shi ne mai zuwa shaƙatawa bakin ruwa yake nema, ruwan kuwa yana can ƙasa, sai an gangara dutse mai tsawon ƙafa wajen 600, ga iska mai sanyi ba dare ba rana. Kafin Yaƙin Duniya na Farko kamfanin ya karye. Har yanzu mai keke na iya ganin shacin titunan cikin ciyawa, ba gida ko ɗaya a gefen yawancinsu.

Akwai kuma ramin da aka huda wa jirgi a ƙarƙashin tudun, saboda mai gidan Raven Hall na wancan zamani bai yarda dogo ya ɓata masa gaban gida ba. An rufe ramin, masu keke ta sama suke kewayawa. Ƙasa kaɗan kuma ga kangon ma'aikatar alam, irin wanda ake tace ruwa da shi. Fiye da shekara 200 ana fasa dutsen wurin ana ƙonawa don a fitar da shi, domin da shi marinan Ingila ke kama launi a jikin ulu. Aikin ya mutu cikin 1862.

Daga Ravenscar sai gangara, kuma nan ne ladan wahalar yake. Hanyar ta yi baka ta kewaye wani babban lungun teku, kana tafe ba feda, ruwa shimfiɗe a damanka, jajayen rufin gidajen Robin Hood's Bay na matsowa. Sai dai a kula da birki, don ruwan sama kan zaizaye tokar ya bar duwatsu da ramuka. Wanda ya zo da siririyar tayar tsere zai yi da-na-sani. Taya mai kauri ake so, da famfo da kayan faci a jaka, don ba mai faci a gindin bishiya.

Robin Hood's Bay ƙauyen masunta ne da ya manne a jikin dutse, ya kuma yi suna wajen fasa-ƙwauri a ƙarni na 18. Teku na cin gaɓar nan kullum. Cikin 1780 wani sashe na babban titin ƙauyen ya rufta ruwa da gidajensa, sai cikin shekarun 1970 aka gina katuwar katangar kankare don tare sauran. A Scarborough ma, cikin Yuni 1993, otal ɗin Holbeck Hall ya zame ya bi gaɓa, mutane na kallo a talabijin. Wanda ya ga alamar da ta ce kada a matsa bakin dutse, ya san ba ado ba ce.

Kada mai karatu ya ɗauka ba a haɗuwa da mota sam. A Scalby da Ravenscar da Robin Hood's Bay akan ɗan bi titin gari, akwai kuma wuraren da ake tsallaka babban titi. Amma in aka kwatanta da titin A171 da motoci ke bi tsakanin garuruwan biyu, da tuddansa da kwanoninsa, ai ba a haɗa su.

Rigimar da ta taso daga baya a tsakanin masu amfani da hanyar ne. Wajen 2017 ƙungiyar Sustrans, wadda ta fara aikin mai da tsofaffin hanyoyin jirgi na keke tun daga Bristol a ƙarshen shekarun 1970, ta kawo shawarar a faɗaɗa hanyar a yi mata daɓe mai ƙarfi. Hujjarta ita ce taɓo da ramuka na hana guragu masu keken hannu, da tsofaffi, da mata masu tura jarirai. Mutanen ƙauyuka da masu dawaki da masu yawon ƙafa suka ce ba su yarda ba. Suka ce za a sare itatuwa, kwalta za ta mai da karkara birni, kuma da zarar hanya ta yi sumul masu keke za su riƙa sheƙa gudu. Abin dariya, tsoron da mai keke ke yi wa mota, shi mai tafiya ƙasa ke yi wa keke. Ni dai na fi karkata ga masu son gyara, don hanyar da gurgu ba ya iya bi ba ta kowa ba ce tukuna, amma tsoron gudun ba ƙarya ba ne. Daga bisani aka yi sassauci, aka gyara sassan da ke kusa da garuruwan biyu, aka bar yawancin tsakiyar da tokarsa. Tun Afrilun 2023, da aka rushe majalisar Scarborough, riƙon hanyar ya koma hannun majalisar Yorkshire ta Arewa.

Bayan ƙauyen Hawsker sai hanya ta miƙe zuwa gadar Larpool, wadda ta tsallake kogin Esk. Bakanta 13, tsayinta ƙafa 120, an gina ta tsakanin 1882 da 1884 da jan bulo wajen miliyan biyar. An guji ƙarfe ne saboda iskar teku mai gishiri na cinsa, ga kuma gadar Tay ta ƙarfe da ta rufta da jirgi a Sikotilan cikin 1879 ba a manta da ita ba. Daga kanta ana hango kangon tsohuwar majami'ar Whitby bisa dutse, da jiragen masunta a bakin kogi. Saura ƙasa da mil ɗaya a shiga gari, inda mai keke zai koma raba titi da motoci.