Kiwon Malam-Buɗe-Littafi: Wasan Turawa Ne Ko Sana'ar Da Za Ta Karɓi Dakoro?

Duk wanda ya san kasuwannin jahar Maradi ya san cewa cinikin ƙwari ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Da kaka ta yi za ka ga buhunan fara jibge, mata na soyawa da yaji suna aunawa, fatake kuma na lodi zuwa Yamai da Katsina da Kano. To amma akwai wani cinikin ƙwarin da ake yi a duniya wanda galibinmu ba mu taɓa jin labarinsa ba, wato kiwo da sayar da malam-buɗe-littafi da manyan 'yan uwansa na dare masu saƙa siliki. A ƙasashen Turai da Amurka da Japan mutane na kiwonsu a gida don sha'awa, kamar yadda samarinmu ke kiwon tantabaru, kuma suna fitar da kuɗi su saya. Shi ya sa muka ga ya dace mu baje wa masu karatu wannan harka a faifai, mu duba ko akwai abin da ɗan kasuwar Dakoro ko mai sana'ar cikin gida za su samu a ciki.

Yadda masu sha'awar ke yi

Manyan da muke magana a kai dangi ne guda mai iri sama da 2,000 a duniya. Da dare suke fita kamar faɗa-wuta, sai dai sun fi shi girma nesa ba kusa ba. Akwai wani na ƙasashen Asiya da ake kira Atlas, wanda idan ya buɗe fikafikansa faɗinsu kan haura santimita 20, wato ya fi tafin hannun babban mutum. Abin mamaki shi ne idan ya fito da fikafikai ba shi da bakin cin abinci. Kitsen da ya tara lokacin da yake tsutsa shi zai riƙe shi na mako guda ko biyu, ya yi barbara, macen ta zuba ƙwai, shi ke nan kwana ya ƙare.

Saboda haka duk wahalar kiwon tana kan tsutsa ne. Mai kiwo zai sayi ƙwai, su ƙyanƙyashe cikin kamar kwana 10 zuwa 14, ya zuba 'yan tsutsotsin a keji mai raga, kullum yana sa musu ɗanyen ganye yana kwashe kashinsu. Kowane iri da ganyen da yake ci, idan aka ba shi wani sai ya mutu da yunwa. Bayan mako huɗu zuwa shida tsutsar za ta saƙa wa kanta gidan siliki ta kwanta a ciki. Wannan gida, da ƙwan, su ne hajar da masu sha'awar ke saye da musaya ta gidan waya. Har kasuwa suke da ita: a birnin Frankfurt na Jamus ana cin kasuwar ƙwari sau ɗaya a shekara, kuma ta haura shekara 100 ana yi.

Manyan masu saye kuwa su ne gidajen kallo, inda ake gina rumfar gilashi mai ɗumi a saki ɗaruruwan malam-buɗe-littafi, jama'a su biya kuɗi su shiga. Ɗaya daga cikin sanannu yana garin Stratford a Ingila, an buɗe shi a 1985. Da yake waɗannan halittu ba su da tsawon kwana, dole kowane mako a kawo sababbi daga ƙasashe masu zafi.

Darasin Kenya da Tanzaniya

A nan ne Afirka ta shigo. A 1993 aka kafa wani shiri mai suna Kipepeo a garin Gede na gaɓar tekun Kenya, a bakin dajin Arabuko-Sokoke. Kipepeo na nufin malam-buɗe-littafi da harshen Suwahili. Manoman ƙauyukan, da yawansu mata, suna kama 'yan mata kaɗan su sa a keji, su yi ƙwai, su ciyar da tsutsar da ganyen daji har ta shiga kwansonta, sannan su kai cibiyar a biya su. Daga nan a jera kwanson cikin auduga a kwali, jirgi ya kai Turai da Amurka. Ribar da ta fi kuɗin ita ce mutanen da a da suke ganin dajin a matsayin wurin sara sun koma masu gadinsa, tunda ganyensa ne jarinsu.

A Tanzaniya ma an fara irin wannan a Amani a 2003, kuma ya karɓu. Amma a 2016 gwamnati ta hana fitar da namun daji masu rai zuwa waje, dokar ta haɗa har da kwanson malam-buɗe-littafi, manoman suka wayi gari da kaya babu mai saye. Wannan darasi ne da kowane ɗan kasuwa ya sani: hajar da ƙofarta ɗaya ce, ranar da aka rufe ƙofar jari ya karye.

Idan muka auna wannan da Dakoro, gaskiya hanyar fitarwa waje tana da tsauri. Kwanson malam-buɗe-littafi na rana yakan fashe cikin mako ɗaya zuwa biyu, ga shi daga Dakoro zuwa Maradi tafiyar sama da kilomita 100 ce, daga Maradi zuwa filin jirgin Yamai kuma sama da 600, cikin zafin da ba ya barin ɗanyen kaya. Masu saye na son kaya duk mako, rani da damina, alhali ruwan da muke samu a shekara bai cika wuce milimita 400 ba, kuma ganye na ƙonewa wata da watanni. Ga kuma takardu: izinin ma'aikatan gandun daji a nan gida, izinin hukumar gona a ƙasar da za a kai, sannan Nijar na cikin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji tun 1975. Duk wanda ya zo muku da labarin cewa ku tara kuɗi zai haɗa ku da Bature mai sayen malam-buɗe-littafi, ku tambaye shi waɗannan takardu tukuna.

Mu ma muna da namu

Wannan ba ya nufin cewa dajinmu fanko ne. A yankin Sahel, tun daga Senegal har Sudan, akwai ɗaya daga cikin manyan nan da masana ke kira Epiphora bauhiniae. Tsutsarsa ganyen magarya take ci, ta saƙa gidanta ta rataye shi a reshe, ta kwanta a ciki duk tsawon rani, sai ruwa ya sauka ya fito da fikafikai masu tabo kamar tagar gilashi. Tun a ƙarni na 19 Faransawa suka gwada silikinsa a Senegal. Shi dai wannan, da yake yana daɗewa a gidansa, ya fi na rana jure tafiya. Haka nan malam-buɗe-littafin nan mai ruwan goro da muke gani kusan ko'ina, a kan tumfafiya tsutsarsa ke girma, fararen nan masu tashi garke-garke kuma ganyen anza suke ci. Akwai ma wani da masana suka tabbatar yana tasowa daga Turai a ƙarshen damina, ya ƙetare Sahara ya zo ya hayayyafa a yankinmu.

Sannan siliki daga tsutsar daji ba Bature ya koya mana ba. Idan dattawa suka ce rigar tsamiya, to shi suke nufi. Wata tsutsa ce da masana ke kira Anaphe, wadda ba ta cikin dangin manyan nan, amma ita ma gwanar saƙa ce. Ɗaruruwansu ke taruwa su saƙa gida guda babba a jikin itace, musamman tsamiya da doka, a dazuzzukan kudu inda ruwa ya fi yawa, kamar ƙasar Bauchi da Nupe. Fatake su kawo gidajen kasuwa, mata su dafa su da ruwan toka har danƙon ya saki, su wanke, su shanya, sannan su kaɗa da mazari kamar auduga. Zaren da ke fitowa, fari-fari ko mai ruwan ƙasa, shi ake yi wa babbar riga aiki da shi, irin su aska takwas da aska biyu. Yarbawa na kiran irin wannan saƙi sanyan, kuma yana cikin tufafinsu mafi daraja.

Kasuwar siliki a ƙasar Hausa ta kai har ana shigo da wani daga arewa. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya ratsa Tasawa da Gazawa a farkon 1851 a kan hanyarsa ta zuwa Kano, ya rubuta cewa ɗaruruwan raƙuma ke kawo rinannen siliki daga Tarabulus kowace shekara. Wannan shi ne alharini. Zaren kanti mai sheƙi da arha ne ya zo daga baya ya danne tsamiya, ga kuma saran itatuwan da tsutsar ke zama a kai. Duk da haka har yau rigar da aka yi wa aikin hannu da tsamiya ta gaske ba ta haɗa kuɗi da ta keken ɗinki.

Ƙofofin da suka fi kusa

Masu iya magana sun ce da sabon gini gara yaɓe. Ƙofa ta farko ita ce ta zare, domin mai sayensa yana nan kusa, wato masu aikin riga da hula na Maradi da Damagaram da Kano da Zariya. Matan da suka iya kaɗi ba sai sun koyi sabuwar sana'a ba.

Ta biyu ita ce wata tsutsar gida da ake kira eri, 'yar asalin jahar Assam ta Indiya, wadda ke cikin dangin manyan nan. Ganyen zurma take ci, tana kuma karɓar ganyen rogo. Daga ƙwai zuwa ƙwai kamar mako shida zuwa bakwai ne, saboda haka ana iya yin zubi da yawa a shekara. Gidanta yana da ƙofa a gefe guda, ana kaɗa shi ne kamar auduga. An yi shekaru ana kiwonta a Habasha da Kenya. Sai dai mu faɗi gaskiya: ba ta son zafi mai tsanani da busasshiyar iska, kuma a watan Afrilu da Mayu zafin Dakoro kan haura digiri 40. Mai son gwadawa sai ya nufi damina zuwa farkon kaka, a ɗakin ƙasa mai sanyi, ya kuma shuka zurmarsa tun kafin ya nemo iri. A kiyaye 'ya'yan zurma daga yara da dabbobi, domin dafi ne da su.

Ta uku ita ce ta abinci. A Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso, tsutsar ɗaya daga cikin manyan nan, mai cin ganyen kaɗanya, babbar haja ce a watan Yuli da Agusta. Suna kiranta shitumu, mata na dafawa su busar su sayar kamar yadda muke yi da fara. Mu ba mu da kaɗanya a arewa, kuma ba kowace tsutsa ake ci ba. A ƙasar Ijesha ta Najeriya likitoci sun gano cewa cin tsutsar Anaphe na haddasa ciwon karkarwa a lokacin damina. Don haka kada a kai baki ga abin da ba a sani ba.

Ƙofa ta huɗu kuwa tuni aka buɗe ta a jaharmu. Manoman gero sun san ɓarnar murzuna, wadda ita ma tsutsar wani ƙaramin faɗa-wuta ce. Tun wajen 2006 masu bincike na INRAN a Maradi, daga baya tare da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, suke kiwon wani faɗa-wutan hatsi a kan gero, su yi amfani da tsutsarsa wajen hayayyafa wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro mai kashe murzuna. Ana zuba su a ƙananan buhunan algarara a rataye a ƙauyuka lokacin da gero ke fitar da kai. An kuma horar da ƙungiyoyin manoma su riƙa kiwon suna sayar da buhunan. Ga kiwon ƙwari da mai sayensa maƙwabcinka ne, ba sai an nemi jirgi ba.

Kafin a zuba jari

Shawararmu ga 'yan kasuwa da ƙungiyoyin mata ita ce a fara da sha'awa kafin a kai ga jari. Tsohon gidan sauro, kwando da reshen magarya ko tumfafiya sun isa a gwada a ga yadda abin yake, yara ma su ƙaru da ilimi. A ɗaga kejin daga ƙasa saboda cinnaka da ƙadangaru, kada a sa ganyen da aka yi wa feshin magani, kada a taɓa gizaka da hannu saboda ƙaiƙayi, kuma idan an ɗebo gidajen tsutsa a daji a bar wasu domin iri. Asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jahar Maradi a 1991, ya koya mana cewa da kaɗan-kaɗan ake tara abin kirki, amma kuɗin asusu amana ne, kada a zuba shi sai an ga mai saye an ji farashinsa.

Abin da ya haɗa duk waɗannan ƙofofi shi ne itace. Babu magarya babu tsutsar magarya, babu tsamiya da doka babu zaren tsamiya. Sassaben zamani da aka fara a ƙasar Maradi a farkon shekarun 1980, inda manomi ke barin tohon itatuwa a gonarsa yana gyara su, ya dawo da miliyoyin itatuwa a Nijar. Mai sayar da itacen girki da mai gawayi su ma suna da ta cewa a nan, domin magaryar da aka sare yau kuɗinta na kwana ɗaya ne, wadda aka bari kuwa tana ba da 'ya'ya da ganye da inuwa shekara da shekaru. Muna kira ga magadan gari da ma'aikatan gandun daji na Dakoro da Kornaka da Bermo da su sa wannan batu cikin abin da suke wayar wa jama'a da kai. Allah ya sa mu dace, ya sa albarka a kasuwanninmu.