Haruna Uji: Makaɗin gurmin Haɗeja da makomar waƙoƙin da ya bari

Fiye da shekara 20 ke nan da rasuwar Alhaji Haruna Uji, shahararren makaɗin gurmin nan na Haɗeja a Jihar Jigawa, amma har gobe ana jin muryarsa a tashoshin mota da shagunan masu tura waƙa a waya. Waƙoƙinsa suna yawo a YouTube da Facebook da TikTok, galibi babu shekarar da aka ɗauke su, babu sunan wanda ya ɗauka. Wannan farin jini ya bar tambayoyi biyu a buɗe: wa ke da haƙƙin waɗannan waƙoƙi, kuma wa ke adana asalin faya-fayan da aka naɗe su a kai?

Wane ne Haruna Uji?

An haifi Haruna Uji a shekarar 1946 a unguwar Gandun Sarki da ke cikin garin Haɗeja, shekara 40 bayan yaƙin da masarautar ta gwabza da Turawan Ingila a 1906. Ya tashi a ƙasar fadama, inda ambaliyar Kogin Haɗeja ke ciyar da manoman shinkafa da masunta da makiyaya. Kafin kiɗa ya zame masa abin dogaro ya yi sana'ar tuƙin mota, sana'ar da ke kai mutum gari-gari, ta haɗa shi da 'yan kamasho da fatake da matafiya. Irin waɗannan mutane ne suka zama ginshiƙin masu sauraronsa.

Mafi yawan shekarun shahararsa ya yi su ne lokacin da Haɗeja ke cikin tsohuwar Jihar Kano, domin sai ranar 27 ga Agusta, 1991 aka ƙirƙiro Jigawa. Rediyo da kaset su suka fitar da shi daga yankinsa zuwa sauran ƙasar Hausa. Ya rasu a farkon shekarun 2000, 'yan shekaru kaɗan bayan Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999.

Me ya bambanta shi da sauran makaɗa?

Manazarta waƙar baka sukan kasa makaɗan Hausa gida-gida. Akwai makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa, waɗanda abincinsu ke hannun basarake. Akwai makaɗan sana'a, na manoma da mahauta da maƙera, da makaɗan maza na 'yan dambe da 'yan kokawa. Sai makaɗan jama'a, waɗanda kowa nasu ne. A wannan rukuni na ƙarshe Uji yake, tare da irin su Ɗan Maraya Jos mai kuntigi, wanda ya rasu a 2015.

Gurmi kansa ƙaramin abin kiɗa ne: ƙoƙon duma da aka rufe da fata, da sanda, da tsirkiya biyu ko uku. Mutum ɗaya ke kaɗa shi yana waƙa, don haka ba ya buƙatar tawagar makaɗa da 'yan amshi masu yawa kamar kiɗan taushi ko kotso na fada. Wannan yana da ma'ana ta fuskar tattalin arziki. Makaɗin da kayan aikinsa ke rataye a kafaɗa yana iya rayuwa ba tare da ubangida guda ba, kuma yana da sararin zaɓar abin da zai waƙe.

Abin da Uji ya fi shahara da shi shi ne waƙar soyayya. Biyu daga cikin sanannun waƙoƙinsa, "Jummai" da "Balaraba", sunayen mata ne. A al'ummar da kunya ke hana namiji furta begensa a bainar jama'a, ya ɗauki gurmi ya faɗi abin da ke ran samari da magidanta, tun kafin finafinan Kannywood su mayar da waƙar soyayya babbar kasuwa.

Ina alaƙar gurmi da kiɗan Amurka?

Akwai wani kiɗa da baƙaƙen fatar kudancin Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, suka ƙirƙira a ƙarshen ƙarni na 19, wanda ake kira blues. Asalinsa mutum ɗaya ne da abin kiɗa mai tsirkiya, yana rera kewa da talauci da tafiya da soyayyar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Duk wanda ya san gurmi zai ga kama.

Masana sun bi diddigin wannan kama. A littafinsa Africa and the Blues na 1999, masanin kiɗa ɗan ƙasar Austriya, Gerhard Kubik, ya kafa hujjar cewa manyan siffofin blues sun fi kusa da kiɗan yankin Sudan ta yamma da ta tsakiya, wato zirin da ya haɗa Mali da Nijar da arewacin Najeriya da arewacin Kamaru, inda ake jan murya ana lanƙwasa ta a kan tsirkiya. Masu binciken asalin banjo, abin kiɗan Amurka da aka fara yi da ƙoƙon duma, su ma sukan lissafa gurmi cikin danginsa na Afirka ta Yamma.

Wanda ya fi cin moriyar wannan dangantaka shi ne Ali Farka Touré na ƙasar Mali. Tarihinsa ya yi kama da na Uji ta fuskoki da dama: an haife shi a 1939, ya tashi a Niafunke a bakin Kogin Kwara, shi ma ɗan fadama ne, shi ma ya yi tuƙi. Amma Touré ya samu kamfanin World Circuit na Landan da ya naɗi waƙoƙinsa bisa yarjejeniya, ya rarraba su a duniya. Faifan Talking Timbuktu da ya yi da Ba'amurke Ry Cooder a 1994 ya ci lambar Grammy. Ya zama magajin garin Niafunke a 2004, ya rasu a 2006, kuma har yau ana sayar da waƙoƙinsa da cikakken bayanin wanda ya mallake su. Tazarar da ke tsakanin makomar mutanen biyu ta tsari ce: rajista, yarjejeniya, da ma'adana.

Me doka ta ce?

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta raba abu biyu. Ita waƙar kanta, kalmominta da karinta, tana da kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Ke nan waƙoƙin Uji dukiyar magadansa ce har bayan shekarar 2070, kamar yadda gona ko gida ke zama gado. Shi kuwa sautin da aka naɗa a faifai ko kaset, kariyarsa shekara 50 ce daga lokacin da aka fara fitar da shi. Duk abin da aka fitar a tsakiyar shekarun 1970, wa'adinsa yana cika a yanzu.

Dokar ta kuma ba mai haƙƙi damar rubuta wa kamfanin intanet ya sauke aikin da aka ɗora ba da izini ba. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce ke sa ido, akwai kuma ƙungiyar MCSN mai lasisin karɓar kuɗin waƙa a madadin mawaƙa. Sai dai duk wannan yana buƙatar jerin waƙoƙi a rubuce da shaidar mallaka, abin da makaɗan baka na zamanin Uji ba su saba tanada ba.

Me ya sa abin ke buƙatar gaggawa?

Zaren kaset yana lalacewa da zafi da ƙura da laima, kuma ƙasar Haɗeja tana da ukun duka, ga ambaliya da ke cinye gidaje a daminar da ruwa ya yi yawa. Tun a 2019 hukumar UNESCO ta yi gargaɗin cewa na'urorin kunna irin wannan zare suna ƙarewa a duniya, kuma abin da ba a juya zuwa kwamfuta da wuri ba zai iya salwanta. Kwafin da ke yawo a waya, wanda aka juya daga kaset zuwa kaset, ba ya maye gurbin asali.

Abin da za a rasa ya wuce nishaɗi. Rayuwar fadamar da ta haifi Uji ta sauya tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, matasa da yawa sun koma birane. Waƙoƙinsa shaida ce ta yadda mutanen wancan zamani ke magana da tunani da soyayya.

Cibiyoyin da za su iya aikin suna kusa. Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa tana cikin masarautar Haɗeja, akwai Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Bayero ta Kano mai daɗaɗɗen tarihin nazarin waƙar baka, da Gidan Arewa a Kaduna, da gidajen rediyon da suka daɗe suna sanya waƙoƙinsa. Aikin a fili yake: a tattaro faya-fayan, a juya su, a rubuta jerinsu da shekarunsu, a yi musu rajista da sunan magada.

A duk kakar zaɓe, 'yan siyasar Arewa suna kashe maƙudan kuɗi a kan mawaƙan da za su wasa su. Matasan Jigawa suna da hurumin tambayar wakilansu a majalisar jiha nawa aka ware wa adana kayan tarihi da al'adu a kasafin bana, da kuma ko makaɗan da suka riga mu gidan gaskiya suna cikin lissafin.